Yadda ake shirya doguwar tafiya ta kallon namun daji a tsibirin Madagaska

Madagaska tana cikin Tekun Indiya, kimanin kilomita 400 daga gaɓar Mozambik. Faɗinta ya kai murabba'in kilomita 587,000, wato ta fi Kamaru girma, kuma ita ce ta huɗu cikin manyan tsibiran duniya. Ta daɗe a ware ita kaɗai tsakiyar ruwa, shi ya sa yawancin dabbobinta da tsirranta babu su a ko'ina sai can. Babu zaki, babu giwa, babu raƙumin dawa. Abin da ke akwai shi ne lemur, dangin biri masu manyan idanu, sama da nau'i 100, da kusan rabin nau'o'in hawainiyar duniya, da kuka iri shida da ba sa fitowa a wata ƙasa.

Shawarar da zan gina komai a kanta ita ce: ka zaɓi wurare kaɗan, ka daɗe a kowanne. Hanyoyin ƙasar ba su da kyau, dabbobin kuma ƙanana ne masu ɓuya. Wanda ya zo da jerin gandun daji goma a mako biyu, cikin mota zai ƙare kwanakinsa. Wannan bayani na mai wata biyu zuwa uku ne.

Mataki na farko: tsayar da watan tafiya

Madagaska tana kudu da tsakiyar duniya, saboda haka yanayinta a juye yake da namu. Daminarsu daga Nuwamba ce zuwa Maris ko Afrilu, kuma tsakanin Janairu da Maris ne mahaukaciyar guguwa ta fi afka wa gaɓar gabas. A Fabrairun 2022 guguwar Batsirai ta yi kaca-kaca da garin Mananjary, a 2023 kuma Freddy ta sake biyo wannan gaɓar. Kada ka sa tafiyarka a waɗannan watanni. Gadoji na karyewa, wasu gandayen ma ba a iya kaiwa gare su.

Yuni zuwa Agusta rani ne mai sanyi. Tafiya na da daɗi, amma daji ya yi tsit: hawainiya da kwaɗi sun rage fitowa, wasu ƙananan lemur sun shige kogon itace suna dogon barci na watanni, suna rayuwa da kitsen da suka tara a wutsiya. A ganina babu kamar Satumba zuwa tsakiyar Nuwamba. Lemur na ɗauke da jarirai, tsuntsaye na sheƙa, zafi ya fara tada masu jan ciki, ruwa kuma bai ɓata hanya ba tukuna.

Mataki na biyu: takardu, lafiya da kuɗi

Daga Afirka ta Yamma hanya mafi sauƙi ita ce ta Adis Ababa da jirgin Ethiopian Airlines, ko ta Nairobi da Kenya Airways, a sauka a filin jirgin Ivato da ke Antananarivo, babban birnin da kowa ke ce wa Tana. Ana bayar da bizar yawon buɗe ido a filin jirgin, ta kwana 30 ko 60, kuma ana iya sabunta ta a ofishin shige da fice har ta cika kwana 90. Idan wata uku ka nufa, ka sa ranar komawa Tana domin sabuntawa a cikin tsarinka tun yanzu, kada ka bari sai wa'adi ya ƙure kana ƙuryar daji. Fasfonka ya kasance da sauran aƙalla wata shida, tikitin dawowa kuma yana hannu.

Katin rigakafin ciwon shawara dole ne ga mai zuwa daga Najeriya, Nijar, Gana ko Kamaru. Ga zazzaɓin cizon sauro, kada ka ce ai mun saba da shi a gida. A gida asibiti na kusa, can kuwa kana iya yin kwana guda a mota kafin ka ga likita. Ka ga likitanka kafin tashi, ka tafi da magani da gidan sauro. Kada ka yi wanka a tafki ko ruwan da ba ya gudu saboda tsargiya. Idan kare ko lemur ya cije ka, ka wanke wurin da sabulu sosai, ka nemi allurar ciwon haukan kare ba tare da jinkiri ba. Cibiyar Institut Pasteur da ke Tana na yin ta.

Kuɗinsu sunansa ariyari, takarda mafi girma ta 20,000 ce. Naira da sefa ba su da kasuwa a can, Yuro za ka riƙe, ka canza a banki ko wurin canji mai rajista. Na'urar cire kuɗi sai manyan garuruwa, ƙofar gandun daji kuwa tsabar kuɗi suke karɓa. Ka sayi layin waya a ranar farko ka buɗe asusun MVola ko Orange Money, domin har ƙauyuka ana cire kuɗi ta nan. Ka kuma riƙa bin labaran ƙasar kafin tashi: a watan Oktoban 2025 zanga-zangar rashin ruwa da wuta ta kai ga sojoji sun karɓe mulki daga hannun shugaban ƙasa Andry Rajoelina.

Kaya ba sai da yawa ba. Madubin hangen nesa mai kyau ya fi babbar kyamara amfani. Sai tocilar ɗaurawa a goshi, takalmi mai riƙe ƙasa, rigar ruwa, doguwar safa saboda matsattsaku, da rigar sanyi ta gaske, don a Antsirabe da Tana dare na yin sanyi mai ratsa ƙashi.

Mataki na uku: kwanakin farko a Tana

Ka ba birnin kwana uku ko huɗu. Ba don namun daji ba, don kunnenka da cikinka su saba. Harshen ƙasa Malagasi ne, na ofis Faransanci, don haka mutumin Nijar, Kamaru ko Chadi ya riga ya sami rabin sauƙi. Turanci sai wajen wasu jagorori da manyan masaukai. Ka haddace "salama" ta gaisuwa, "misaotra" ta godiya, da "azafady" da ake faɗa idan za a roƙi abu ko a wuce gaban mutum. Ranakun kasuwa ba za su ba ka wahala ba, domin sunayen kwanakinsu daga Larabci suka fito kamar namu: Talata, Alarobia, Alakamisy, Zoma.

Maganar abinci tana buƙatar kula ga Musulmi. Shinkafa ake ci safe, rana da dare a ƙananan gidajen abinci da suke kira hotely, kuma naman alade ya yawaita a tsakiyar ƙasar. Ka riƙe kalmar "kisoa", alade ke nan, ka ce ba ka ci. Ravitoto, dakakken ganyen rogo, yawanci da shi ake dafawa. Romazava kuwa romon naman sa ne da ganye. Inda ba ka natsu da yanka ba, ka nemi "trondro", wato kifi, ko wake da ƙwai. Za a kawo maka wani ruwan zafi ja-ja tare da abinci: ruwa ne da aka tafasa a kan ƙanzon shinkafa. Ka sha, tafasasshe ne, ya fi ruwan famfo aminci. Akwai masallatai a Tana, Toamasina, Toliara da Mahajanga, a kusa da su ake samun mahauta Musulmi. Alƙibla a can arewa take, ta ɗan karkata yamma, ba gabas ba.

Mataki na huɗu: tsara hanya

Ga tsarin da ya dace da wanda ya sauka a farkon Satumba. Fara da gabas ta hanyar RN2 zuwa Andasibe, kimanin kilomita 140 daga Tana. Idan kana son ganin kifin whale mai tozo, wuce Toamasina ka hau jirgin ruwa zuwa tsibirin Sainte-Marie da wuri, don daga Yuli zuwa Satumba suke zuwa haihuwa a mashigin. Daga nan ka dawo ka kama RN7 zuwa kudu, hanyar da ta haura kilomita 900 har Toliara: Antsirabe, Ranomafana, Fianarantsoa, Ambalavao, Isalo. A ƙarshen Oktoba ka dawo Antsirabe, ka juya yamma ta Miandrivazo zuwa Morondava, kafin ruwa ya rufe hanyar arewa da garin.

Arewacin ƙasar, su Montagne d'Ambre da Ankarana da Masoala, tafiya ce mai zaman kanta. Na fi son mutum ya bar ta gaba ɗaya a kan ya cusa ta cikin mako guda.

Motar haya ta tsakanin garuruwa sunanta taksi-burus. Wanda ya taɓa shiga tasha a Kano ko Maraɗi ya san tsarin: mota ba ta tashi sai ta cika, 'yan kamasho za su yi maka caa tun kafin ka sauke jaka, kaya da kaji a kan rufi. Ka je kwana guda kafin tafiya, ka biya a rumfar kamfanin da kanka, ka karɓi rasit, ka zaɓi kujerar gaba ko ta bayan direba. A manyan hanyoyi akwai kamfanonin da ke tashi a kan lokaci, kujera ɗaya mutum ɗaya, kuma ƙarin kuɗinsu ya cancanta. Kada ka yi tafiyar dare a kudu da yamma. Ɓarayin shanu da ake kira dahalo na tare hanya a wasu yankunan, ramukan titi ma kaɗai sun isa dalili. Inda babu kwalta sai ka haɗu da wasu matafiya ku ɗauki shatar mota mai ƙarfi da direbanta.

Mataki na biyar: jagora, da yadda ake shiga daji

Nan ne tafiyar take. Hukumar Madagascar National Parks ce ke kula da manyan gandaye, kuma ba a shiga ko ɗaya ba tare da jagoran yankin ba. Kuɗin shiga daban, na jagora daban, duka a rubuce suke a ofishin ƙofa gwargwadon tsawon zagayen. Wasu baƙi na ganin wannan takura ce. Ba takura ba ce. Akwai wata tsaka mai wutsiya kamar busasshen ganye da ke manne a jikin itace da rana, fatarta ta saje da ɓawon har inuwa ba ta yi. Jagora zai nuna maka reshen da ke gaban hancinka ya ce ga ta nan, ka yi ta kallo ba ka gan ta ba sai ta motsa ido.

Ranar farko ka ɗauki gajeren zagaye don ka gwada jagoran. Ka lura: yana magana a hankali? Yana girgiza itace ko jifa don dabba ta juyo? Yana tambayar abin da kake son gani, ko sauri yake ya dawo ya ɗauki wasu? Idan ya yi maka, ka riƙe shi har ƙarshen zamanka, ku yi ciniki na kwanaki. Daga rana ta uku zai daina kai ka inda ake kai kowa, ya fara kai ka inda shi yake zuwa. Yawancinsu na aiki da matasan da ke riga shiga daji da asuba su gano inda garken ya kwana. Su ma ka ba su nasu a hannu, kada ka ɗauka jagora zai raba.

A Andasibe ka yi mako guda. Abin da ya kawo kowa shi ne indri, wanda 'yan ƙasar ke kira babakoto, mafi girman lemur da ya rage a duniya, baƙi da fari, kusan ba shi da wutsiya. Ka kasance a ƙofar gandun Analamazaotra da an buɗe. Za ku hau tudu cikin raɓa, jagora ya tsayar da kai ƙarƙashin wata doguwar bishiya, can sama iyali guda na cin sabon ganye. Sai ɗaya ya ɗaga kai, ya buɗe jan bakinsa, ya saki wani dogon kuka mai hawa da sauka, sauran su karɓa, daga wani tsauni wani garken ya amsa. Ana jin sa daga nisan kilomita biyu. Indri ba ya rayuwa a keji, don haka babu gidan zu a duniya da zai nuna maka shi. Kada ka tashi da an gama kukan kamar yadda yawancin baƙi ke yi. Ka zauna. Bayan jama'a sun watse ne dabbobin ke saukowa ƙasa-ƙasa, uwa ta sassauta jaririn da ke manne a cikinta. Ka ware kwana biyu don Mantadia, dajin da ba a taɓa sarewa ba, mai nisan tafiyar mota daga ƙauyen, inda sifaka, wani babban lemur mai hannaye da ƙafafu masu ruwan zinariya, yake.

Yawon dare ba a yin sa cikin gandayen gwamnati. Ana yi ne a bakin titi ko a dazukan ƙungiyoyin ƙauye kamar Mitsinjo da VOIMMA. Riƙe tocila kusa da idonka, ka riƙa bin rassa a hankali: idanun ƙananan lemur na mayar da haske ja-ja. Hawainiya kuwa da dare ta fi sauƙin gani, domin tana kwana a can ƙarshen siririn reshe, launinta ya kwashe ya yi fari-fari, wutsiya a naɗe. Ka haska gefenta, ba cikin idonta ba, kuma kada ka daɗe. Madagaska ba ta da macijin da dafinsa ke kashe mutum, amma akwai kunama a yamma, don haka ka kakkaɓe takalmi kowace safiya.

Ranomafana daji ne mai tsauni da ruwan sama da matsattsaku. A 1986 masaniya Patricia Wright da abokan aikinta suka gano lemur mai ruwan zinariya da ke cin gora, abincin da ke ɗauke da gubar da za ta kashe wata dabbar mai girmansa. Wannan ya sa aka kafa gandun a 1991. Kwana biyar ba su yi yawa ba, kuma ka yarda za a jiƙe.

Kusa da Ambalavao akwai Anja, ƙaramin wuri a gindin manyan duwatsu wanda mutanen ƙauyen ke riƙe da kansu. Nan ne za ka ga maki, lemur mai wutsiya zobe-zobe baƙi da fari, yana zaune da safe ya buɗe hannuwa yana shan hantsi. Ka daidaita zuwanka da Laraba don ka ga kasuwar shanun garin, ɗaya daga cikin mafi girma a ƙasar, shanu masu tozo da aka koro da ƙafa daga kudu. A garin kuma ake yin takardar Antemoro, ta mutanen da suka daɗe suna rubuta harshensu da haruffan Larabci. Isalo duwatsu ne da kwazazzabai, ya fi dacewa da mai son tafiyar ƙafa. Kwana biyu ko uku sun isa.

Yamma daban take. Kimanin kilomita 20 daga Morondava akwai layin kukoki, dogaye santala-santala masu rassa a can ƙoli kawai, 'yan'uwan kukar da muke miya da ganyenta. Gaba kaɗan dajin Kirindy ne, busasshen daji inda aka fi samun ganin fosa, babban mafaraucin tsibirin, mai kama da kyanwa amma dangin tunku ne. A Oktoba da Nuwamba suke barbara, mace ta hau bishiya maza su taru a ƙasa, a lokacin ana ganin su da rana tsaka. A wannan yankin ne kuma mafi ƙanƙantar dangin biri a duniya yake, lemur ɗin Madame Berthe, mai nauyin kimanin giram 30. Tsingy de Bemaraha, dajin duwatsu masu kaifi da UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 1990, yana buƙatar yini guda cur a mota da ƙetare kogunan Tsiribihina da Manambolo a jirgin fito. Da damina ta sauka hanyar ta rufe.

Mataki na shida: ladabin zama da mutane da dabbobi

Kowane yanki na da abin da suke kira fady, wato abubuwan da al'ada ta hana. A wani wuri ba a nuna kabari da miƙaƙƙen yatsa, a wani ba a shiga wani kogi, a wani ba a aiki a wata rana. Da ka isa ƙauye ka tambayi jagora fady na wurin, ka kiyaye, ko da ba aƙidarka ba ce. Baƙo ne kai. A yankin Andasibe wannan hanin ne ya daɗe yana kare indri daga mafarauta. Kada ka ɗauki hoton mutum ko kabari sai da izini.

Kada ka ba lemur ayaba, kada ka bari a ɗora maka shi a kafaɗa don hoto. Doka ta hana ajiye shi a gida tun 1962, kuma duk kuɗin da aka biya don irin wannan hoton kira ne a kamo wani daga daji. Ka bar tazara, idan kana mura ka ƙara nisa, don cutarmu na kama su.

A 2020 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta bayyana cewa nau'i 103 cikin 107 na lemur na fuskantar barazanar ƙarewa. Babban dalili shi ne saran daji don noman shinkafa da yin gawayi. Za ka ga hayaƙin a kan tsaunuka a Oktoba, zai kuma sosa maka rai. Amma mai saran ba mugu ba ne, magidanci ne da ke neman abin sa wa a bakin 'ya'yansa a ɗaya daga cikin ƙasashe mafi talauci a duniya. Abin da ke hannunka shi ne inda kuɗinka ke sauka. Ka kwana a masaukin ɗan gari, ka ci a hotely, ka shiga dazukan ƙungiyoyin ƙauye, ka biya jagora haƙƙinsa ba tare da matse shi ba. Wanda ya yi mako guda a ƙauye ɗaya ya fi amfanar wurin a kan motar baƙi goma da ta tsaya awa biyu.

Mataki na ƙarshe: komawa

Ka dawo Tana kwana uku kafin jirginka, domin jiragen cikin gida na sauya lokaci, mota kuma na lalacewa a hanya. Ka kashe ko ka canza ragowar ariyari kafin ka fita, a waje ba mai karɓa. Wajen tsaraba, banila da barkono da kayan saƙar kaba ba su da matsala idan daidai amfanin gida ne. Kada ka sayi komai na ƙoƙon kunkuru, ko dabba mai rai, ko katakon rosewood da aka hana fitarwa. A Afrilun 2018 an gano kunkuru kusan 10,000 a cikin gida ɗaya a yankin Toliara, an tara su don fasa-ƙwauri, kuma jami'an kwastam a Ivato na buɗe jakunkuna. Idan ka sayi dutse mai daraja ko sassaƙen katako, ka karɓi rasit da takardar izinin fitarwa daga mai shagon, ka ajiye su tare da fasfonka.